Zakaran Mama

Ni tela ne. Shekara talatin da 'yan kai ina kan keken ɗinki a unguwar Rikkos da ke Jos, kuma kafin tafiyar da zan ba da labarinta ban taɓa kwana inda babu ƙofa ba. Ko ƙauye na je biki, abin da nake fara dubawa a ɗakin baƙi shi ne sakata. Saboda haka ranar da saƙo ya shigo wayata daga abokina cewa in shirya, ranar Asabar za mu hau duwatsun Shere mu kwana, sai da na karanta shi sau uku, na miƙa wa matata ta karanta na huɗu.

"Ku kwana a gidan wa?" in ji ta.

"Ba gida. Dutse kawai."

Ta mayar mini da wayar. "Mutum da ɗakinsa da katifarsa, ba farauta yake yi ba, ba 'yan sanda ke nemansa ba. To, Allah ya kyauta."

Ba dutsen ne ya sa na maimaita karatu ba. Wannan ne saƙo na farko da ya turo mini cikin wata bakwai, kuma na san dalilin shirun, domin ni ne dalilin.

Tare muka tashi da shi. Babansa da babana duk a haƙar kuza suka ƙare ƙarfinsu wajen Naraguta, suka zauna a layi ɗaya, katanga ce kawai tsakaninmu, ita ma gajera. Su Kirista ne, 'yan asalin ƙasar nan. Mu kakanmu ne ya zo neman aikin kuza ya manta hanyar komawa. Ina kiransa Ticha, domin abin da ya zama ke nan, shi kuma yana kirana Tela. Uwarsa kuwa duk layin Mama muke ce mata. Ta yi mini wanka, ta dake ni, ta zuba mini gwate a kwano ɗaya da ɗanta. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, har ta tsufa "kai" take ce wa matata, ba wanda ya isa ya gyara mata.

A layinmu akwai al'adar da kowa ya taso ya tarar. Duk abin da za a yanka a gidan Kirista ranar Kirsimati, maƙwabci Musulmi ake kira ya yanka, don in an raba abinci kowa ya ci ba sai ya yi tambaya ba. Babana ne mai yanka na gidan su Ticha. Da hannunsa ya fara rawa, aikin ya dawo kaina. Wuƙar tasu ce, Mama ke ajiye ta a naɗe da tsumma cikin wani tsohon kwano a saman kabat, kuma ko albasa ba a yankawa da ita. Da sassafe zan shiga, ta ce, "Yauwa, yarona ya zo," Ticha ya riƙe ƙafa da fiffike, ni in yanka. In an dafa, ƙundun kazar nawa ne. Ko'ina maigida ke cin ƙundu, amma a gidan nan Mama ta ce na mai wuƙa ne, kuma baban Ticha bai taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Da garin ya rikice, unguwanni suka ware, kowa ya koma cikin nasa, su Ticha suka tashi suka koma ƙauyensu a gindin Shere. Ban daina zuwa ba. Shekaru da dama ina shiga keke mai ƙafa uku ranar Kirsimati in je in yi yankana, in ci ƙunduna, in dawo. Sai wata shekara wasu samari suka tare ni a hanya suka tambayi sunana. Sun riƙe ni kusan awa guda a bakin titi kafin wani dattijo ya zo ya ce su sake ni. Ba su taɓa ni ba, gaskiya ɗaya ce. Amma Kirsimatin da ta biyo baya na ce ina da ɗinkin biki. Ta biyu na ce mura. Ta uku da ta huɗu ban ce komai ba, ba a kuma tambaye ni ba. Mun ci gaba da haɗuwa da Ticha a wajen wani mai shayi a Titin Bauchi, ya ce Mama tana gaishe ka, in ce ina amsawa.

Sai Mama ta rasu.

A makon gari ba daɗi, ana ta jita-jita. Ranar jana'iza na yi wanka, na sa kaya da hula, na kai har mararraba. Na ga motar sojoji a gicciye, na ga hanya ba kowa, na juyo gida. Na zauna a bakin gado na rubuta masa saƙo: Allah ya ba da haƙuri. Ya amsa: Na gode. Shi ke nan. Tsoro ya hana ni mako guda, wannan zan iya kare kaina a gaban kowa. Sauran wata shida da mako uku kunya ce, kuma ita kullum ƙaruwa take yi. An ce zumunta a ƙafa take, ni da babban yatsa na yi tawa, ga matar da ta goya ni. Don haka da saƙon dutse ya zo, abu ɗaya ne a raina: ko dai Ticha ya kira ni ne ya amayar da abin da ke cikinsa mu rabu, ko kuma akwai sauran gyara. Abota ce ta shekara arba'in da wani abu, kuma ba ni da wata irinta.

Kwanan dutse tsohuwar ɗabi'arsa ce. Duk hutun makaranta sai ya ɗauki tabarma da bargo da tukunya da adda da ashana, ya hau ya yi kwana biyu shi kaɗai. Ba wani wuri ne da aka tanada ba. Babu famfo, babu ban-ɗaki, babu mai gadi, inda ya ga dama nan ne masauki. Ya sha gayyatata ina ce masa ni ba biri ba ne.

Na rasa bakin da zan yi masa magana, sai na koma ga abin da na iya. Na ce ba zan je hannu rabbana ba, tanti zan ɗinka mana. Na sayo tampol shuɗi a kasuwa, na duba hoton tanti a waya, na ture ɗinkin mutane gefe har kwana uku. Awon Ticha yana kaina, ba na bukatar tef, na ƙara taƙi biyu saboda miƙe ƙafa. Na sa zif a ƙofa, na sa taga mai ragar sauro, na sa aljihu huɗu a ciki. Har 'yar kwalliya na yi a saman ƙofar irin ta wuyan kaftani.

Ni a sana'ata da abu ɗaya aka san ni, ɗinkina a matse yake, ƙanana-ƙanana, sai ka kawo ido kusa kafin ka ga zare. Maigidan da ya koya mini yakan ce tela mai sakin ɗinki malalaci ne. To, wannan aikin na Ticha ne. Na rage tazarar allura har iyakar keken, na bi kowane layi sau biyu, layin tsakiyar rufi kuwa sau uku. Maƙwabcin shagona mai ɗinkin kujeru da rumfuna ya leƙo, ya tsaya yana kallo.

"Oga, tampol fa ba shadda ba ne. Ka buɗe ɗinkin nan."

Na ce ya je ya ji da kujerunsa. Mutumin da ke ɗinki da zare kamar igiyar guga shi zai koya mini aiki?

Ranar Asabar muka haɗu da hantsi a inda kwalta ta ƙare. Ya rame, furfura ta ƙaru. Muka gaisa. Na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi makaranta, na tambayi sanyi. A ƙa'ida gaisuwar mutuwa ake fara yi kafin komai, kuma da zarar ka tsallake ta ka tambayi lafiyar yara, ta ƙara yi maka nisa. Ni kuwa na riga na tsallake ta.

A hammatarsa akwai zakara. Ja ne, babba, ƙafafunsa a ɗaure da ƙyalle. Zankonsa ya kwanta gefe ɗaya, farcen nan na bayan ƙafa ya yi tsawo ya lanƙwashe, yana kallona da ido ɗaya irin kallon tsohon ɗan dako.

"Wannan fa?" na ce.

"Da shi za mu."

"Shi ma hutu aka ba shi?"

"Ɗauki galan ɗin ruwan nan."

Kafin mu fara hawa muka biya gidan mai unguwar wurin, domin ba a kwana a dutsen mutane ba a yi sallama ba. Tsoho ne, yana zaune a kan turmi yana gyara ƙotar fartanya. Ya dube ni, ya dubi kaftanina da takalmina sau-ciki, ya tambayi Ticha ko wane ne. Duk tsawon rayuwarmu in an yi wannan tambaya amsa ɗaya Ticha ke bayarwa: ɗan'uwana ne. Ran nan ya ce, "Baƙona ne." Na ji ta har cikin ƙashina, amma na yi murmushi na ce wa tsohon ranka ya daɗe.

Hawan bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya yi ba. Mun bi ta tsakanin shingayen ƙyarana, muka wuce gonakin da aka fara sharewa, daga nan sai dutse a kan dutse. Ticha ya ce in sa ƙafata daidai inda ya cire tasa, saboda akwai tsofaffin ramukan masu kuza da ciyawa ta rufe, wasu sun fi rijiya zurfi. Ga galan a hannu, ga tanti a ka, ga sanduna huɗu da na sa kafinta ya fere mini suna dukan ƙeyata. Zakara kuwa a hammata yake, ana ta kai shi sama yana kallon gari.

Bayan azahar muka isa. Akwai wani ƙaton dutse da ya rankwafo a kan wani, ƙarƙashinsu ya zama kamar zaure marar ƙofa. Ticha ya nufi can ya ajiye kayansa. Ni kuwa na hango wani fili shimfiɗaɗɗe a gaba, da ciyawa gajera, ana ganin Jos gaba ɗaya daga wurin.

"Nan za mu kafa," na ce.

"Kafa me?"

Na kwance ƙunshin na shimfiɗa. Ya zo ya tsaya a kai. Ya ja zif ɗin sama, ya ja shi ƙasa. Ya sa hannu a aljihu ɗaya. Sannan ya bi layin tsakiyar rufin da ɗan yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Ka matse shi sosai."

"Aikina ke nan."

"Iska ta nan take bi."

"Ta bi mana. Sau uku na bi layin nan."

Ya taya ni kafa sanduna, ya nemo duwatsu muka danne gefuna. Da tantin ya miƙe, wallahi ya yi kyau, ban taɓa ɗinka abin da ya kai shi girma ba. Na yi ta jira ya yaba. Shi kuwa ya kwance ƙafar zakara ɗaya, ya ɗaure ɗayar da doguwar igiya a jikin wani kututture, ya ciro masara daga aljihunsa ya watsa masa. Zakara ya riga ni cin abinci.

Da la'asar ta yi na tsaya ina waige-waige, domin a kan dutse ko'ina kama yake da ko'ina. Ticha yana sare kirare, ko ɗagowa bai yi ba, ya nuna da adda. "Can ne gabas." Ina sallame salla na ga gabas ɗin ta yi baƙi ƙirin. Farkon damina ne, kuma wanda ya san Jos ya san ruwan farko ba ya sallama. Iska ta fara kaɗawa, sanyi ya sauko, sai ga ƙanƙara tana faɗowa kamar tsakuwa.

"Shigo ka ga aiki!" na ce.

Muka shiga mu uku, na ja zif. Minti biyar na yi ina jin kaina. Ƙanƙara tana dukan rufi, mu muna zaune a bushe, har na ce masa ya sa wayarsa a aljihun bango, don haka aka yi shi. Sai ɗigo ya sauka a hancina. Na ɗaga kai. Ruwa ne ke tsattsafowa ta layin tsakiya, a jere reras, kowane ɗigo a ramin allurarsa. Kafin in buɗe baki iska ta cika tantin, ta ɗaga shi, sai muka ji ƙara kamar an zuge dogon zif. Rufin ya rabe biyu daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Abin da mai kujeru ya so gaya mini ke nan. Shadda saƙa ce, in allura ta shiga zaren ya matsa ya ba ta hanya. Tampol kuwa huda shi take yi, ramin ya zauna. Ni na jera ramuka kusa da kusa, na koma na bi kansu sau uku, har babu abin da ya rage a tsakaninsu. Kwana uku na yi ina yanka tantin nan da allura ina cewa ɗinki nake yi. Yagewar ma a miƙe take sak, ko da almakashi ba zan samu haka ba. Rabi ɗaya ya tashi sama ya nufi wajen Bauchi. Zif ɗin ƙofa dai ko gezau, yana nan a rufe, muna zaune a bayansa ruwa na dukanmu.

Abin da Ticha ya fara ɗauka zakara ne. Bai nemi wayarsa ba, bai nemi ni ba. Ya cusa shi cikin rigar sanyinsa ya ruga ƙarƙashin dutsen nan, ni na biyo baya da takalmi ɗaya.

A ciki ko ɗigo babu. Ga bargonsa da tabarmarsa a bushe inda ya bar su. Ga duwatsun murhu uku sun yi baƙi, ga busassun itace an jera a lungu, domin duk zuwan da ya yi sai ya tara na zuwa na gaba kafin ya sauka. Ya hura wuta ba gaggawa. Ni ina tsaye, kaftani ya manne a jikina, haƙorana suna haɗuwa, ga kunyar tanti a kan kunyar da na taho da ita. Sai zuciya ta ɗebe ni.

"Wai kai, kawo ni ka yi ka ga na mutu da sanyi? In magana ce a bakinka ka faɗe ta mana! Ka zage ni in zagi ne, in ji, in koma gidana. Tun safe kana lallashin kaza, ni kana ce wa mutane baƙo!"

Ya dube ni, ya ƙara itace a wuta.

"Cire rigar nan ka shanya a dutsen can. Ga bargo."

Ya dafa dankalin turawa, muka ci da yaji, muka sha shayi a kofi ɗaya, domin nawa kofin yana cikin aljihun tanti. Na ce tun da ga wuta ga tukunya, a yanka zakaran nan mana mu sha romo. Ya ce ba yau ba. Ya ce nan Mama ke fakewa in ruwa ya tare ta, lokacin da take noman acca a gangaren nan, kuma ita ta kafa duwatsun murhun. Ga ƙofa ya buɗe mini, ko makaho ya ga haka. Na ce, "Allah sarki," na ci gaba da hura shayi. Muka kwanta a tabarma ɗaya, bargo ɗaya, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Na tsara gaisuwa iri ashirin a raina ban furta ko ɗaya ba.

Wanda bai taɓa jin cara a cikin kogon dutse ba, a tazarar taƙi ɗaya da kunnensa, bai san zakara ba. Na yi salla, gari ya waye tas kamar ba a yi komai ba. Ticha ya sauka wani ɗan marmaro da ya sani ya ɗebo ruwa, ya ɗora tukunya. Da ruwan ya fara tafasa, ya buɗe jakarsa ya ciro wani abu a naɗe ya ajiye a gabana.

Tsumman na fara ganewa. Ragowar atamfar da na ɗinka wa Mama rigar zuwa coci ce, ni na ba ta ƙyallen da hannuna. Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki.

Ticha ya zauna a kan dutse, ya ɗora zakaran a cinyarsa.

"Shekarar da ka ce kana da ɗinkin biki, Mama ta riga ta saye shi," ya ce. "Lokacin ko cara bai iya ba. Da ba ka zo ba ta ce a bar shi, Tela zai zo. Muka sayi naman shanu a kasuwa. Shekara ta biyu ƙanwata ta kama shi, har ta ɗora ruwa, Mama ta ƙwace. Ta uku haka, ta huɗu haka. Ya ci hatsin da zai ƙiwata akuya. Jikokinsa ma an cinye su."

Ya shafa bayan zakaran, ya ci gaba.

"Ranar jana'iza mutane sun cika gida, duk kajin da ke yawo an yanka su. Ni na ɓoye shi a ɗakin gawayi. Tana asibiti ta ce mini, kada ku bari wani ya yanka zakaran yarona. In ya zo ya tarar an ci, zai ji kunya."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Sau nawa muna shan shayi?"

"Ta hana. Ta ce ba a aika wa mutum goron gayyata zuwa gidan uwarsa." Ya gyara wa zakaran fiffike. "Kuma na ji haushinka, Tela. Har yanzu ina ji. Na ga ba za ka zo gida ba, ni kuma ba zan shiga Rikkos da zakara a hammata kamar mai zuwa wajen boka ba. Shi ne na kawo ku nan ku biyu. Ya tsufa, ƙafarsa ɗaya ta fara ciwo. In ya mutu da kansa ban san abin da zan ce ba."

Na tashi daga inda nake, da bargo a kafaɗa da singileti, na zo gabansa na durƙusa kamar yadda ake yi.

"Ticha, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ashe Mama lokaci ya yi."

"Lokaci ya yi."

"Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Ban kyauta ba. Na ji tsoro, daga baya na ji kunya, ban zo ba. Ka yafe mini."

Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar babana, shi ma ya yi. Zakara yana tsakaninmu yana kallon wannan yana kallon wancan.

Da muka natsu, Ticha ya share fuska da hannun riga ya ce ruwa zai ƙone. Ya riƙe ƙafa da fiffike, ya juya shi gabas ba tare da na ce ba, yadda muka saba. Wuƙar tana nan da kaifinta. Na yi bisimilla na yanka.

Sai maganar dahuwa. Mun ɗora shi rana tana fitowa. Hantsi ya yi, na soka masa tsinke, tsinken ya karye. Itacen lungu ya ƙare. Ticha ya dubi sandunan tantina huɗu da ke tsaye a fili ba abin da suke riƙewa, ya dube ni, na ce ɗauko. Busasshen katako ne, sun ci da kyau, kuma a iya sanina wannan ne kaɗai amfanin da tantin ya yi. Wajen azahar muka haƙura muka sauke. Na ɗauki cinya na kafa haƙori, haƙorin ya dawo. Ticha yana da giɓi a gefe, sai juya tsoka yake daga wannan kunci zuwa wancan. Ba wanda ya ce naman ya yi tauri. Muka yi ta tauna, muna kallon gari.

Can ya sa cokali a tukunya yana lalube. Ya tsamo ƙundun, ya ɗora a murfin tukunya, ya turo gabana bai dube ni ba. Na cinye shi duka. Ya ɗauke ni lokaci.

Kafin mu sauka muka binne gashin da ƙasusuwan, muka kashe wuta da ruwa, muka tara wasu itacen a lungu. Rabin tampol ɗin da ya tashi mun same shi a maƙale a wata ƙaya can ƙasa, Ticha ya ce ba a barin shara a dutse, sai da na hau na ciro shi. Takalmina ɗaya ma ya fito, a cike da ruwa.

Na wanke wuƙar, na goge ta, na naɗe ta a tsummanta, na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya ɗaga adda ya nuna gangaren da ke bayan dutsen, ɓangaren da ban duba ba tun jiya saboda ina kallon Jos.

"Ka ga jan rufin can, kusa da bishiyar mangwaro? Gidan ke nan. Kabarin yana bayansa. Kwanon yana saman kabat inda ka sani, ka mayar da kanka."

Ashe tun jiya a saman gidan muke. Ta hanyar mota kawai na san shi, ban taɓa ganinsa daga sama ba. Tafiyar ba ta fi rabin awa ba.

Na sa wuƙar a aljihun kaftani, na ɗora ragowar tampol a ka. Ya wuce gaba, ina sa ƙafata inda ya cire tasa, muƙamuƙina yana ciwo.